Sanyin da Nababa Ya Saka wa Fijon Alhaji

Duk mai noman rani a bakin dam ɗin Watari ya san Malam Nababa, domin shi ne likitan injin ban ruwa a Bagwai. Ni ma ta nan na san shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk sanda injina ya ƙi tashi sai in ɗaure shi a bayan babur in nufi rumfarsa da ke bayan tasha, ƙarƙashin wata darbejiya. Amma shi bai taɓa yarda cewa sana'arsa ke nan ba. In ka tambaye shi, sai ya ce, "Ni bakaniken Fijo ne. Fijon ne suka ƙare suka bar ni."

Sunansa na yanka Muhammadu Sani. Sunan kakansa aka mayar masa, shi ya sa ake ce masa Nababa. Gidansu gidan fawa ne kaka da kakanni, sai Allah ya yi shi da ƙyanƙyami, abin da ba a taɓa gani ba a zuri'arsu. Ranar farko da aka miƙa masa tumbin sa aka ce ya juye ya wanke, amai ya yi ta sheƙawa har sai da aka kai shi gida a kafaɗa. Duk da haka mahaifinsa bai sake shi ba. Shekara huɗu yana tsaye a mahauta. Ya iya fiɗa, ya iya datsa, ya san naman lafiyayyar dabba da na mai ciwo, amma kullum ramewa yake yi, don in ya dawo gida ba ya iya kai loma bakinsa. Da uban ya ga ɗa zai lalace, sai ya kama hannunsa ya kai shi Kano wajen wani bakanike. Nan ya shekara tara. Ya ce mini tun ranar da ya fara shaƙar baƙin mai ya ji cikinsa ya zauna.

Ya dawo Bagwai, ya auri Sa'adiya, ya kafa rumfa. Ban taɓa ganin gareji irin nasa ba. Da kansa yake share wurin safe da yamma. Sufanunsa a jere suke a kan buhu, daga ƙarami zuwa babba. Mai cin goro ba ya tofar da tuƙa a wurin, wanda fitsari ya matsa kuwa sai ya tsallaka titi. Mutane suna yi masa dariya a bayan ido, amma gobe su dawo da injinansu.

A duk motocin da suka bi ta hannunsa, akwai ɗaya da ya riƙe kamar 'yar cikinsa: farar Fijo 504 ta Alhaji Ɗan Iya, wani tsohon falken shanu na garin. Sabuwa dal Alhaji ya sayo ta, kuma tun daga ranar babu hannun da ya taɓa ɗaga bonet ɗinta sai na Nababa. Alhaji mutum ne mai tsari. Duk da shanu ne arzikinsa, ko igiyar ɗaure sa bai taɓa sakawa a cikinta ba. Jumma'a, ɗaurin aure, gaisuwar mara lafiya, iyakar aikinta ke nan. Daga Bagwai zuwa Bichi, kowa ya hango ta ya san mai ita, har masu tsaron hanya ɗaga mata hannu kawai suke yi.

Da Alhaji ya rasu, motar ta faɗo a rabon autansa Mansur, wanda ke zaune a Bacirawa cikin Kano yana kai wa masu abinci nama. Shekara biyu tana ajiye a rumfar gidan marigayin. Duk Jumma'a bayan an sauko Nababa zai je ya tashe ta, ya bar injin ya yi ɗumi, ya goge ta. Hajiya Hure, matar Alhaji kuma mahaifiyar Mansur, sai ta aiko masa da fura zaure.

Wata Talata cikin Maris, ana tsakiyar zafin bazara, sai ga Mansur a rumfa da kwali a kafaɗa. Bayan sun gaisa ya sauke ya buɗe.

"Baba, aiki na kawo maka."

Nababa ya leƙa, bai taɓa ba. "Kwampresar esi ce wannan, mai sanyaya mota. Ta wace mota?"

"Ta Alhaji za ka saka wa."

Nababa ya yamutsa fuska kamar an fasa masa ruɓaɓɓen ƙwai a gaba. "Shekara arba'in motar nan tana tafiya da iskar Allah. Ba a ƙera ta da mazaunin wannan abin ba. Sai an huda, an yanka, an liƙa. Koma Kano, akwai masu yi maka kafin la'asar."

"Ai saboda Hajiya ne, Baba," in ji Mansur, ya sunkuyar da kai. "Ka san hawan jinin nan da kumburin ƙafa. Sau biyu a wata ake son ganinta a asibiti a Kano. Wancan makon a motar haya suma ta yi kafin mu kai Dawanau. In akwai sanyi a motar Alhaji, ni da kaina zan riƙa kai ta."

Nababa ya sake leƙa kwalin. Can ya ɗauki kwampresar, ya juya ta, ya murza bakinta da hannu ya saurara.

"Kawo ta," ya ce. "Amma yadda na ga dama zan yi, kuma sai ranar da na gama."

Kwana goma sha ɗaya ya ɗauka. Na leƙa sau uku a cikin kwanakin, don injina na hannunsa, kuma duk zuwan da na yi ko kallonsa bai yi ba. Shi ya yi mini bayani yana aiki, kamar ni na tambaya. Kwampresa ita ce zuciyar esi, ita ke matsa iskar gas har a sami sanyi, amma ba ta juyawa da kanta, sai injin mota ya ja ta da bel. To a tsohuwar mota irin wannan babu inda za ta zauna, babu kuma inda bel ɗinta zai hau. Sai an ƙera mata mazauni na ƙarfe, an ƙara wa injin wani fuli, wato faifan da bel ke zagayawa. In fulin nan biyu suka saɓa da juna ko da kaurin ƙwayar gero ne, bel zai yi ta kuka har ya tsinke.

Da kwali ya fara yanka siffar mazaunin, ya gwada, ya yaga, ya sake. Sai da ya yi guda biyar kafin ya kai wa Dogo mai walda. Da Dogo ya kawo aikin, Nababa ya riƙe shi da yatsa biyu, nesa da jikinsa.

"Mene ne wannan, Dogo? Walda ce ko kashin kaji?"

"Haba Malam, ai ƙasan bonet zai zauna. Wa zai gani?"

"Ni zan gani."

Ya bi shi har shago, ya tsaya a kansa aka yanke aka sake, ya dawo ya zauna da zarto yana gogewa har ƙarfen ya yi sumul. Ya rantse ba zai huda jikin injin ba, kuma bai huda ba. Ramukan notin da ke wurin tun asali ya bi. Da zare ya auna fulin biyu, ya rufe ido ɗaya yana leƙe kamar maharbi. Duk da haka bel na farko ya fice a gwajin farko, ya tsallake rumfa ya faɗa kwata. Bai bi shi ba. Ya sayo wani, ya kwance komai, ya ƙara siririn ƙarfe ɗaya a bayan mazaunin, ya sake ɗaurawa.

Sannan ya saka kwandansa, mai kama da ƙaramin lagireto, a gaban lagireton motar, ya ƙara fanka don kada injin ya yi zafi. Akwatin da ke hura sanyin ya rataye shi ƙarƙashin dashbod. Huda biyu kawai ya yi wa jikin motar don tiyo ya wuce, kuma ya ce mini da ya ɗora abin hudawa sai da ya nemi gafarar Alhaji a zuciyarsa. Ranar ƙarshe aka kira mai gas daga Bichi ya cika ta.

Ni ya ɗauka gwaji. Muka bi hanyar dam da rana tsaka, gilasai a rufe. Manoma suna tsaye a cikin tumatir gumi na zuba, mu kuwa a ciki har tsigar jikina ta tashi. Nababa bai kalli hanya sosai ba, idonsa na kan allurar zafin inji. Ba ta motsa ba. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoransa a waje.

Ranar da aka fara kai Hajiya Hure, ya je ƙofar gida da kansa. Da ta zauna a baya ta ji sanyin, sai ta ce, "Nababa, Allah ya ba ka inuwa ranar da babu inuwa." Ya dawo rumfa ya maimaita mana addu'ar nan ya fi sau uku.

Mako bakwai bayan haka, cikin Mayu, hadari na haɗuwa yana watsewa, ina zaune a rumfa na sake kawo injina, sai ga Fijon ta shigo. Abin da na fara lura da shi ƙudaje ne, korayen nan manya, sun yi dafifi a bakin but. Farin fentin ya yi jirwaye a ƙasan ƙofar baya. An saka mata labule a gilasai. Mansur ya fito cikin shadda mai sheƙi, ya yi wanka da turare.

"Baba, esin ya rage sanyi. Ruwa ma yana zuba a ƙafar mutum. Kuma akwai ɗan wari-wari haka."

Nababa ya tashi, ya goge hannunsa, ya buɗe ƙofar baya.

Ni manomi ne, da hannuna nake kwasar taki, na kuma sha tone ruɓaɓɓiyar albasa daga ƙasan rumbu. Amma abin da ya fito daga motar nan sai da ya kai ni bayan darbejiya a guje. Da na dawo, hannun riga a hanci, na ga abin da ya gani. Babu kujerar baya, an cire ta. An shimfiɗa leda, ledar ta yage, jini ya bi ta ƙarƙashi ya daskare ya yi baƙi, wani a kan wani, har ya yi ɓawo. Kitse ya shafe rufin ciki ya yi maiƙo. Nababa ya sa bakin sukudireba ya ɗaga gefen kafet. Ƙasan fari fat, kuma farin yana motsi. Tsutsotsi ne.

Na zaci zai faɗi. Bai faɗi ba. Ya ɗaure hanci da tsumma, ya zagaya gaba ya durƙusa ya leƙa akwatin sanyin da ya rataye da hannunsa. Gashin dabba da kitse sun cika bakinsa, ɗan tiyon da ke zubar da ruwa ya toshe, wani ruwa ja-ja yana ɗiga a inda Hajiya za ta ajiye ƙafa in gaba ta zauna. Ya miƙe a hankali ya je ya buɗe but. Akwai ragowar wata cinya a cikin leda, da alama an manta da ita. Ya tona ta da sukudireban, ya kalli launin, ya danna. Wani baƙin jini mai kauri ya ɓulɓulo daga cikin tsokar.

"Mansur," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa ta cikin tsumman, "wannan dabbar ba ta zubar da jini ba. Ta riga wuƙa tafiya."

"Haba Baba, an yanka mana. Tana shure-shure aka yanka."

"A mahauta na tashi, kai ma ka sani. Mushe ne."

Mansur ya waiga ya ga ni kaɗai ne a wurin, sai ya matso ya rage murya, har da ɗan murmushi.

"Baba, ka fahimta. Saniya ta faɗi a ruga, mai ita asara zai yi, ni nake share masa hawaye. Kafin a samu sanyin nan, tun a hanya nama yake juyawa. Yanzu lafiya lau yake isa. In ya sha wuta ya sha yaji, wa ka taɓa ji ya mutu?"

"Shi ya sa ka zaɓi motar Alhaji. Don ba a tsayar da ita."

Nababa ya matso kusa da shi.

"Sau nawa ka kai Hajiya asibiti?"

"Ai an kai ta."

"Sau nawa?"

Mansur ya tsaya yana kaɗa makulli a yatsa. Can ya ce, "Ni dai Baba aikinka ne ya samu matsala, shi na kawo ka duba."

"Aikina lafiyarsa ƙalau. Ƙazantarka ce ta shaƙe shi. Fitar mini da ita daga nan."

"Baba..."

"Kada ka sake ce mini Baba a rumfar nan. Fita!"

Bayan motar ta tafi, ya ɗauko shebur ya kankare ƙasar duk inda ta ɗiga, ya kwashe a buhu ya kai juji. Sukudireban nan ya fi shekara ashirin a hannunsa, shi ma ya jefa cikin buhun. Sai da ya gama duk wannan sannan ya zagaya bayan rumfa, na ji shi yana kakari. Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Ya zauna ya ce mini, "Ka san gyaran nawa ne? Zura waya a tiyo, shi ke nan. Ko minti biyar ba zai kai ba." Ya kalli tafin hannunsa. "Kwana goma sha ɗaya na yi ina ƙera wa mushe firji."

Washegari ya je wajen Kamilu, ɗan baffansa, wanda ke cikin manyan mahautan garin, ya gaya masa komai. Kamilu ya tara 'yan uwansa mahauta ya ja musu kunne, ya kuma aika wa na Bacirawa. Daga nan Nababa ya wuce gidan marigayi. Ya ce mini tun a hanya yake shirya yadda zai faɗa wa tsohuwa magana ba tare da jininta ya hau ba, ashe ba ya buƙata. Suna gama gaisawa a zaure ta riga shi.

"Sau ɗaya na shiga motar nan, Nababa, ranar da ka zo. Da Mansur ya dawo karo na biyu, tun daga nan inda kake zaune na ji abin da na ji. Na ce a kira mini mai adaidaita."

"Ki yafe mini, Hajiya. Hannuna ne ya yi."

"Kai don Allah ka yi. Kada ka yi masa baki, ni ma ban yi ba. Addu'a nake yi."

Bai yi masa baki ba, amma bai ji sauƙi ba. Ya roƙi wani malamin makaranta mai mota, maƙwabcinsa, ya riƙa tafiya da Hajiya in zai shiga Kano, haka kuwa aka yi.

Mansur bai rasa mai gyara ba. Wani bakanike a can ya zura waya, ya fesa turare, mota ta koma aiki. Amma magana ta riga ta fita. A majalisu aka yi ta cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Masu abinci da yawa suka daina karɓar namansa, wasu kuma, abin takaici, suka ci gaba da karɓa. Ya canja hanya, ya koma wasu ƙauyukan. Cikin damina tiyon lagireto ya fashe masa a hanya da kaya a ciki, ya ƙi tsayawa don kada naman ya juya, ya yi ta taka ta har injin ya ƙone. 'Yan gwangwan suka saye ta a wurin, suka yanka ta a wurin. Dogo ne ya kawo labarin rumfa. Nababa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ci gaba da wanke kafireton da ke hannunsa.

Wata huɗu bai sa nama a bakinsa ba. Sa'adiya ta koma yi masa miya da daddawa da busasshen kifi. Da Babbar Sallah ya yanka ragonsa da kansa, ya feɗe shi tsaf, ya raba wa dangi da maƙwabta, ko hanta bai ɗanɗana ba. Bayan haka mutum biyu sun kawo masa aikin esi, ɗaya ma tun daga Kano, don sun ji labarin mazaunin da ya ƙera. Ya ce musu bai iya ba.

Bara aka yi suna a gidan marigayi, babban wan Mansur ne aka yi wa haihuwa. Muna zaune a kan tabarma bayan an shafa fatiha, sai ga Mansur yana bin mutane yana gaisawa. Ya iso kan Nababa, ya rusuna ya yi sallama, ya miƙo hannu a gaban jama'a. Na ga muƙamuƙin tsohon ya motsa. Ya amsa sallamar cikakkiya, ya ba shi hannu, ya tambaye shi iyali. Goron da aka ba shi kuwa ya miƙo mini.

Tare muka koma rumfa, don injina yana can. Muna isa ya tsiyayi fetur a gwangwani ya wanke hannun dama har gwiwa, ya bi da sabulu, ya ɗauraye, ya sake bi. Sannan ya jawo injin nawa, ya kwance shi, ya ɗago ya harare ni.

"Wai sau nawa zan gaya maka ka daina sayen man galan? Dubi abin da ke cikin nan."